Adinkra na mutanen Asante: rubutu ne, ko ado ne mai ɗauke da saƙo?

Malam Na-Marina: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ana ta yaɗa cewa alamomin adinkra na ƙasar Gana, waɗanda ake bugawa da hatimi a jikin yadi, rubutu ne cikakke da Afirka ke da shi tun kafin boko. Ban yarda da hakan kai tsaye ba, haka kuma ban yarda da masu cewa ado ne kawai irin na atamfa ba. Kafin mu shiga gardamar, ina roƙon waɗanda suka san aikin su shimfiɗa mana yadda ake yin sa, tun daga ɓawon itace har a kai ga shanya yadi. Yadda ake buga abu shi ke nuna iya saƙon da zai ɗauka.

Ɗan Zongon Kumasi: Wa alaikumus salam, Malam. Cibiyar aikin a yau ita ce Ntonso, kimanin kilomita 20 daga Kumasi a kan hanyar Mampong. A da unguwar Asokwa a Kumasi ce ke yi wa fadar Asantehene, wato sarkin Asante. Bari in fara da tawadar, domin a nan rabin wahalar take.

Tonawa, wato mutanen Asante, suna kiran ta adinkra aduro, kuma daga ɓawon itacen da suke ce wa badie ake samun ta, wato kirni a wajenmu. Itacen ba na kurmi ba ne, daga arewacin Gana ake kawo ɓawon dami-dami. Za a kankare busasshen bayansa a zubar, a farfasa na cikin, a jiƙa shi ya kwana. Washegari a daka a turmi har ya yi laushi ya zama zare-zare, a zuba a ganga da ruwa a hura wuta na sa'o'i da dama. Sai a tace. Ruwan da ya fito jaja-jaja ne tsararo, ba ya buga komai, don haka a sake mayar da shi kan wuta shi kaɗai a yi ta ƙonawa har ya tsotse ya koma baƙi mai sheƙi, mai kauri kamar zuma. Ganga cike ba ta ba da abin da ya wuce ɗan kaɗan a ƙasan tukunya, shi ya sa aikin ke cin itace da kwanaki. A da mutane sukan jefa kashin maƙera a ciki lokacin dahuwa. Dalili shi ne ɓawon yana da irin sinadarin nan da majema ke nema a bagaruwa, kuma idan ya haɗu da ƙarfe sai ya yi baƙi ƙirin.

Wuraren da ake ɓata ta uku ne. In an sauke da wuri, ta yi ruwa, sai ta bi zaren yadi ta malale, gefen alama ya dagule. In an wuce da ita, ta yi kauri, sai ta toshe ramukan hatimi, kuma idan ta bushe a jikin yadi ta tsattsage. Na ukun shi ne wuta mai ƙarfi a ƙarshen dahuwa: gindin tukunya ya kama, tawada ta yi gudaji da ƙauri, sheƙin ya tafi. A matakin ƙarshe garwashi ake so, da juyawa ba fashi. Gwajin shi ne a tsoma tsinke a ɗaga. In ta zubo tana jan zare a hankali, ta yi.

Baba Gyartai: Yaro ya yi bayani mai kyau. Ni zan ɗora da hatimin. Da sakaina ake yin sa, amma ba kowace ƙwarya ba, sai mai kaurin jiki wadda ta bushe sarai. Ana yanko guntu mai faɗin santimita 5 zuwa 8, a kankare santsin bayanta, a zana alamar, sannan a bi da ƙaramar wuƙa a ƙwaƙule duk inda ba a so tawada ta taɓa. Abin da aka bari a tsaye shi ne zai bugu. A cikin ƙwaryar, ɓangaren mai taushi, sai a soka tsinkaye uku ko huɗu na gora ko tukurwa, a haɗe kawunansu a sama, a naɗe da tsumma. Wannan shi ne mariƙi.

Ku lura da abu biyu. Bayan ƙwarya a tanƙware yake, saboda haka ba a danna hatimin tsaye a ɗaga. Ana kafa gefe guda, a mirgina shi zuwa ɗaya gefen. Wanda ya danna tsaye, tsakiya ce za ta fito, gefuna su ɓace. Na biyu, abin da ka sassaƙa a dama, a hagu zai fito. Alama irin adinkrahene, da'ira uku wata cikin wata, ba ruwanta da wannan. Amma tsuntsun sankofa mai waiwaye, ko alamar Gye Nyame mai cewa babu wani sai Allah, dole a sassaƙa su a juye. Ramin kuma kada ya yi ƙasa-ƙasa, don bugu biyu uku tawada za ta cike shi, alamar ta zama dunƙulen baƙi. Siraran layuka su ke fara karyewa, shi ya sa tsofaffin hatimai duk layukansu masu kauri ne. In an tashi aiki a wanke shi nan take, a shanya a inuwa, a riƙa shafa masa man kaɗanya saboda hunturu yana tsaga shi.

Hajiya Mai Atamfa: Sannu da ƙoƙari, Baba. To shi yadin fa? Masu saye suna kuka cewa na asali yana zuba in ya ga ruwa.

Ɗan Zongon Kumasi: Gaskiya suka faɗa, Hajiya, kuma ba algus ba ne, haka tawadar take. Ba ta shiga cikin zare irin yadda shuni ke yi a marina, a sama take zama ta bushe. Shi ya sa ba a wanke mayafin adinkra na asali yadda ake wanke sauran tufafi. A sa shi a taro, a dawo a shanya ya sha iska, a ninke.

Wajen bugu, ana shimfiɗa yadin a kan dogon katako da aka lulluɓe da buhuna ko soso, a ja shi ya miƙe, a kafe gefuna da ƙusa ko turaku. Shimfiɗar nan ta ƙasa tilas ce. A kan katako tsirara hatimi ba ya kama ko'ina, kuma yana saurin fashewa. Kafin a taɓa hatimi, sai a ɗauki wani mataji na katako mai haƙora, a tsoma a tawada, a ja layuka a tsaye da kwance, a raba yadin gida-gida. Sannan kowane gida a cika shi da alama iri ɗaya, jeri bayan jeri. Kowane bugu da tsomawarsa, a kuma ɗan karkaɗe hatimin a bakin kasko kafin a kai shi, in ba haka ba ɗigo zai faɗo a inda ba a so, kuma ba ya goguwa. Mayafin namiji yadi 12 ne, ka ga bugun ya kai ɗaruruwa. A rana ake shanyawa, saboda haka ranar da hadari ya haɗu ba a fara aiki.

Hajiya Mai Atamfa: Akwai kuma ɗinkin nan mai launi-launi da ke tsakanin ƙyallaye, wanda suke kira nwomu. Da hannu ake yin sa da zaren ja, rawaya, kore, baƙi da shuɗi, kuma kafin bugu ake haɗa shi. Shi ke ƙara wa mayafi tsada. Launin yadin ma magana ne. Kuntunkuni mai duhu, da kobene ja, da brisi baƙi, na zaman makoki ne. Fari ko mai haske na murna ne, har suna ce masa adinkra na Lahadi, ana kuma sa fari in wanda ya rasu ya tsufa ƙwarai. Mai sayarwa da bai san wannan ba zai iya miƙa wa mai zuwa biki kayan ta'aziyya.

Malamin Tarihi: Allah ya saka da alheri. Game da asali, labarin da aka fi ji shi ne na Kofi Adinkra, sarkin Gyaman, ƙasar da ke wajen Bonduku a kan iyakar Gana da Kwaddibuwa ta yau. An ce Asantehene Osei Bonsu ya ci shi da yaƙi wajen 1818, aka kwaso masu sana'ar zuwa Kumasi. Sai dai akwai abin da ke hana a karɓi labarin yadda yake. Baturen Ingila Thomas Bowdich ya je Kumasi a 1817, ya samo mayafin adinkra wanda har yau yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan, da alamomi kamar taurari da kalangu biyu a haɗe. Ke nan ana buga shi a Kumasi tun kafin wancan yaƙi. Akwai wani kuma da aka aika wa sarkin Holan daga Elmina da ke gaɓar tekun Gana a 1825, yana birnin Leiden na Holan, an sa tambarin masarautar Holan a tsakiya, alamomin adinkra sun kewaye shi. A 1927 wani Baturen Ingila mai suna Rattray ya tattara alamomi hamsin da 'yan kai. Yau ana lissafa ɗaruruwa, domin ba a daina ƙirƙiro sababbi ba.

Alaramma: Malam, Allah ya ƙara sani. Ni abin da nake gani a tsarin nan na raba yadi gida-gida shi ne hatimin malamai. Duk wanda ya taɓa zana hatimi a allo ya san da layuka ake farawa, a fitar da gidaje, sannan a cika kowane gida. A farkon ƙarni na 19 akwai malamai Musulmi a Kumasi suna yi wa fada rubutu da layu, sarakunan yaƙi suna sa rigar batakari da aka lulluɓe da layu, kuma hanyar goro ta Gwanja da Salaga ta daɗe tana kai fatake da almajirai can. Cikin alamomin ma akwai wadda sunanta ya ambaci kramo, wato malamin Musulmi, mai cewa mugun malami ya sa ba a gane na kirki. Akwai mpatapo, ƙullin sulhu marar farko marar ƙarshe, wanda in ka ajiye shi kusa da dagin da ke jikin sorayen Kano da Zariya za ka ga dangantaka.

Ɗan Zongon Kumasi: Allah ya gafarta Malam, cuɗanyar gaskiya ce, masana da yawa ma sun faɗi haka. Amma kada mu ja bargon duka zuwa wajenmu. Gidajen hatimin malami haruffa da lambobi ake zubawa a ciki, kuma lissafi ne ke tsara su. Gidajen adinkra karin maganar Tonawa ke ciki. Dwennimmen ƙahon rago ne: ƙarfi tare da ƙanƙan da kai. Akoko nan ƙafar kaza ce, wadda ke taka 'ya'yanta amma ba ta kashe su, ana nufin horon iyaye da na sarki. Funtunfunefu kadoji biyu ne masu ciki ɗaya amma suna faɗa a kan abinci, gargaɗi ga dangi ɗaya masu rigima a kan abin da duk cikinsu zai shiga. Nyame dua kuwa gungumen itace ne mai rassa da ake kafawa a tsakar gida a ɗora tukunya don bauta irin tasu. Waɗannan ba daga allo suka fito ba. Irin wannan hikimar tana jikin ma'aunan zinariyarsu na tagulla da kan sandunan masu magana da yawun sarki. In ma an ari tsarin gidaje, abin da aka zuba a ciki nasu ne.

Malam Na-Marina: To mun iso inda nake so. Ga ma'aunina. A ba gwanin Ntonso dukan hatimansa, a ce ya aika wa ɗan'uwansa saƙo cewa ranar Alhamis a kawo huhun goro goma gidan wane. Ba zai iya ba. Babu hatimin suna, babu na ranar mako, babu na aikatau, babu abin da ke bambanta jiya da gobe. Kuma jerin alamomin a mayafi ba jimla ba ne. In ka sauya wa gidaje biyu wuri, saƙon bai canja ba. Rubutu kuwa shi ne wanda mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su karanta su furta kalmomi iri ɗaya.

Ɗan Fumban: Da wannan ma'aunin, Malam, abin da Sarki Njoya na Bamum ya yi a Kamaru shi ne misalin da ya dace a duba, domin ya bi hanyar tun daga farkonta. Wajen 1896 ya fara da alamomi kusan 500, yawancinsu hoton abu ne, alama guda kalma guda. Ya riga ya ga rubutun Larabci a hannun Fulani da fataken Hausawa. Matsalar da ta bayyana ita ce ta haddacewa, da kuma kalmomin da ba su da hoto. Sai aka yi ta tacewa, ana ɗaukar alama a raba ta da ma'anarta a bar mata sautin gaɓa kawai, har wajen 1910 aka tsaya a kan 80, tsarin da ake kira a-ka-u-ku. Da shi aka rubuta tarihin masarauta, da shari'o'i, da magunguna, aka buɗe makarantu. Faransawa suka rushe makarantun, suka kai shi Yawunde a 1931, ya rasu a can a 1933. Adinkra bai taɓa ɗaukar wancan matakin na komawa sauti ba, kuma ba a neme shi da hakan ba.

Maƙerin Fari: Haka Tifinag na Abzinawa yake, sauti yake kamawa. Da'ira ita ce r, da'ira mai ɗigo a ciki s, gicciye t, sanda ɗaya n, sanda biyu l. Maƙeran azurfa a Agadas sukan karce sunansu da shi a bayan abin wuya. Wahalarsa ita ce a tsohon tsari ba a rubuta yawancin wasula, ba a raba kalmomi, kuma ana iya farawa daga dama, ko hagu, ko daga ƙasa a hau sama. Mai karatu sai ya yi ta furtawa a bakinsa har kalmar ta faɗo. Wurin aiki, harafin da ya fi ɓaci shi ne mai ɗigo: in kurfin ɗigon bai kai ba, gogewar azurfa da jiki za ta shafe shi, s ta koma r.

'Yar Kalaba: Yayyena, ina ganin ma'aunin Malam Na-Marina ya yi tsauri, kuma nsibidi ne zai nuna haka. Alamomi ne na mutanen Ejagham, Efik, Ibibio da wani sashe na Ibo a yankin Kuros Riba. Ba sauti suke kamawa ba, amma ana jera su su ba da labari. Layi biyu masu lanƙwasa da suka sarƙe juna soyayya ce ko aure; in suka juya wa juna baya, an ɓata. A 1909 wani Bature ɗan mishan mai suna Macgregor ya buga wani zane na nsibidi da ke riƙe da yadda aka yi wata shari'a: inda aka zauna, masu ƙara, da waɗanda suka halarta. Mai Efik da mai Ibo za su dube shi su fahimci abu ɗaya, kowa ya faɗe shi da harshensa. Wannan ba rauni ba ne a yankin da harsuna suka yi yawa, shi ne amfaninsa. Akwai na kowa da kowa da ake zanawa a ƙwarya, bango da jiki, akwai kuma na ƙungiyar Ekpe, mai alamar damisa, wanda ake koyar da shi daraja-daraja, har da nuni da hannu ba tare da an zana komai ba. Bayin da aka kai Kyuba sun tafi da shi. Ƙungiyar Abakuwa da aka kafa a Regla kusa da Habana a 1836 tana da alamominta masu wannan tushe.

Mayafin 'yan Ekpe, ukara, zai ba Malam sha'awa, don aikin marina ne. A zana alamomin a farin yadi, a bi layin da ɗinkin zaren tukurwa, a ja shi tamau, a tsoma a baba, in ya bushe a warware ɗinkin sai alamar ta fito fara a kan shuɗi. Marinan yankin Nkalagu a jihar Ebonyi suka shahara da shi.

Malam Na-Marina: Ƙanwata, na karɓi batun shari'ar, hujja ce mai nauyi, kuma ta sa nsibidi gaba da adinkra wajen jera tunani. Amma ina nan a kan cewa wanda bai halarci shari'ar ba, ko ba a ba shi labarinta ba, ba zai ciro sunayen mutanen daga zanen ba. A kan ukara kuwa, sirrin yana wajen jan zare. Inda ɗinki ya yi sako-sako, baba zai kutsa, layin ya fito shuɗi-shuɗi maimakon fari. In an ja fiye da kima da busasshen zare, ya tsinke a cikin karofi, wurin duka ya rine. A jiƙa zaren tukurwa tukuna, yana kumbura ya toshe hudar allura. Kuma tsomawa da yawa gajeru, ana fitarwa yana shan iska, ta fi tsomawa ɗaya doguwa, don doguwar jiƙa ita ke ba ruwan baba lokacin ratsa ɗinki.

Malamin Tarihi: Abin da ya fi damuna ba sunan da za a ba shi ba ne. Karin maganar ce ke sulalewa tana barin hoton. Jami'ar Gana ta sa alamar ganyen da Tonawa ke kira aya, da dwennimmen, a tambarinta da sanin abin da suke nufi. Amma a kasuwa za ka ga Gye Nyame, mai cewa babu wani sai Allah, an buga shi a juye ko an yanke rabinsa a bakin ɗinki, an kuma cakuɗa alamar makoki da ta biki a yadi ɗaya saboda sun yi kyau a ido. Masu zane a kwamfuta su riƙa tambayar sunan alama da karin maganarta kafin su ɗora ta a kaya.

Hajiya Mai Atamfa: Yanzu a Ntonso ma da yawa sun koma bugun raga, wato a ɗora raga mai zanen alama a kan yadi a shafa fenti na kanti, saboda yana wankuwa kuma yana sauri. Ɗana, yaya mai saye zai bambance?

Ɗan Zongon Kumasi: Hanya mai sauƙi ce, Hajiya. Ki dubi alama ɗaya a jeri guda. Na hatimin ƙwarya ba za ki sami biyu da suka yi daidai ba: wata ta fi cika, wata gefenta ya ɗan ɓace, tazararsu ma ba ɗaya ba. Na raga duk tamkar juna suke, kuma alamominsa sukan fi girma, tunda ba a taƙaita da faɗin sakaina ba. Ki shafa da yatsa. Tawadar badie tana da ɗan tudu da sheƙi, tana kuma da ƙanshin ɓawo da hayaƙi. Layukan mataji na hannu suna farawa da kauri su sirance inda tawada ta ƙare, sai ki ga wurin da aka sake tsomawa aka ɗora. In mai kaya ya yarda, ki jiƙa farin ƙyalle ki ɗan taɓa can gefe: na asali zai bar ruwan ƙasa-ƙasa, na fenti ba zai bar komai ba.

Baba Gyartai: In kin saya na asalin, kada ki sa shi a leda, gumi zai narkar da tawadar gidaje su manne da juna, ga fumfuna. A ninke shi fuskar bugu tana ciki, a sa farin ƙyalle tsakanin ninki, a ajiye inda iska ke shiga. In guga ta zama dole, ta baya za a yi, da dutsen guga marar zafi sosai, kuma ba a yayyafa ruwa.